Hannun Inna a Bayan Randa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ƙanwata kuma ɗiyata, Barira.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kin sauka Maradi lafiya, mota ba ta juya miki ciki ba kamar yadda ta saba, kuma kin iske Gwaggo Hajo da yaranta cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a gidan da kika shiga da hanyar da za ki riƙa bi zuwa koleji, ya raba ki da mugun ƙawa da mugun ciwo, ya sa ki dawo mana da ƙafafunki. Amin.

Na ce ɗiyata, kada ki yi mini dariya. Na san shekaruna ba su kai na uwa ba. Amma tun da Inna ta rasu, Baba kuma rabin shekara yana cirani a Najeriya, ni nake yi miki kitso, ni nake tashinki salla, ni nake zuwa lakwal, makarantarku, idan an ce a turo uwa. Da Inna tana nan, ita za ta zaunar da ke ta yi miki faɗan tafiya. Na gwada ranar da nake wanke miki kaya kina shanyawa, bakina ya ƙi buɗewa. Kin san halina. Shi ya sa na rubuta, na sa a ƙasan jakarki inda ba za ki gani ba sai kin isa.

Zan fara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Kin tuna hoton Inna da kika zana da gawayi a bangon ɗakinmu? Kin dawo daga lakwal kika same ni da kwaɓaɓɓiyar laka ina yaɓe shi. Na ce kin ɓata bango, na ce Baba zai yi faɗa idan ya dawo, har na mare ki. Ba ki yi kukan marin ba. Kin tsaya da jakarki a wuya kika ce, "Yaya, ba ta yi kama da ita ba ne?"

Na ce, "Ba ta yi ba."

Ƙarya na yi miki, Barira. Ta yi kama. Yadda take karkata kai idan tana sheƙar gero, da wushiryarta, da ɗan tabon da ke gefen girarta, duk kin sa. Baba bai taɓa ganin hoton ba, ban kuma san ko zai yi faɗa ba. Kuma ban yaɓe shi duka ba. Hannunta na dama ya sauko ƙasa wajen da randa take, na tura randar ta rufe shi. Yana nan har yau. Duk ranar da na janye randar zan wanke, ina ganinsa.

Tun daga ranar ban ƙara ganin kin zana ko kaza ba. Madam ɗinku ta lakwal ta tare ni a kasuwa ta ce, "Habsu, mi ya sami ƙanwarki? Da ita ke zana mana taswira a allo, yanzu ko na miƙa mata alli sai ta ɓoye hannu a hijabi." Na ce ban sani ba. Na sani. Ba na so ki tafi Maradi da hannunki a ɓoye saboda ni. Amma ba za ki gane abin da ya sa na yi haka ba sai na koma baya, lokacin kina ƙarama.

Ke auta ce, ba ki san zaman 'yar fari ba. Ke Inna tana ɗora ki a cinya, tana kiran sunanki tun daga bakin rijiya. Ni ba ta kiran sunana, don kunyar ɗan fari. "Ke" ce ni, ko "waccan", ko "yarinyar nan". Ba ta yaba mini a gaban mutane, ba ta ba ni abu hannu da hannu idan da wani a wurin. Kowa ya san haka ake yi. Ni ma na sani da kaina, amma zuciyata ba ta yarda ba.

A lokacin akwai wata tsohuwa, Tambai, da take zuwa ranar kasuwa daga wani ƙauye a hanyar Gabi, tana sayar da kaba da faifai. Mutanensu ba sa salla, suna kan al'adar kakanninsu. Amma ita da Inna sun shaƙu. A zaurenmu take sauke kaya ta sha fura, idan rana ta yi zafi ta zauna gindin dalbejiya tana saƙa. Ni kuma in raɓe jikin rumbu ina kallon hannunta, yadda take tsaga kaba da farce, ta jiƙa, ta soka basilla ta ja. Ba na cewa komai, har ta sa mini suna Bebiya.

"Bebiya, idon nan naki zai huda mini faifai. Matso ki gani da kyau, ba a biya."

Na riƙa tsince guntayen kabar da take zubarwa. Na samu wayar tsohon keke na wasa ta a dutse ta zama basilla. A bayan rumbu na saƙa faifaina na farko. Ya karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, amma na sa masa tauraro a tsakiya, wanda ban taɓa gani a na Tambai ba, daga kaina ya fito. Na kai wa Inna, na ajiye kusa da ƙafarta. Rashin sa'a akwai mata maƙwabta suna tsinkar zogale tare da ita. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Ke, ɗauke abin nan daga hanya, ki je ki ɗebo ruwa." Ban ɗauke ba, na tafi rijiya ina kuka. Da na dawo babu faifan. Na ce a raina an share shi da shara, ko akuya ta cinye.

Da kasuwa ta zagayo, Tambai ta kira ni zaure, ta kwance wani ƙunshi. Sabuwar basilla ce, da galura ja da kore, da damin farar kaba mai laushi.

Ta ce, "Bebiya, ga saƙo an ba ni in ba ki."

Na ce, "Wa?"

"Au, ashe akwai harshe a ciki. Mai saƙon bai ce in faɗi sunansa ba. Amshi ki ba ni tukuicina, ko ruwan sanyi ne, na sha rana."

Kin san yadda ake yi. Wanda ya kawo maka kyauta ba ya komawa hannu wofi, ko goro ɗaya ne sai ka ba shi, don ya san ka ji daɗi, mai kyautar ma ya ji labari. Ni kuwa abin da ya zo mini shi ne matan nan sun ba ta labarin yadda Inna ta yi da ni, ta ji tausayina. Kunya ta kama ni, ta juye ta zama fushi. Sai na ɗauko maganar da nake ji a bakin yara na jefa mata. Na ce, "Ba na son kayan waɗanda ba sa salla."

Ni da ba na magana, ranar da na buɗe baki abin da ya fito ke nan.

Tambai ta dube ni, ta ce, "Kaba dai ɗaya ce, ɗiyata, a fadama ɗaya muke yanka. Amma tunda ba ki so, sai in mayar wa mai shi." Ta ɗaure ƙunshin a hankali, ta shiga cikin gida, ta fito babu shi a hannunta. Inna tana daka a lokacin, na ji taɓarya ta tsaya, can kuma ta ci gaba. Na gani da idona, na ji da kunnena, amma ban haɗa su ba, fushi ya rufe ni. Tambai ba ta daina zuwa ba. Sai dai ba ta ƙara ce mini Bebiya ba. "Sannu, Habsu," take cewa, kamar yadda ake gaida baƙo. Ni kuma na jefa basillar keken a tafki, ban sake taɓa kaba ba.

Barira, idan an miƙo miki abu, ki durƙusa ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, tambaya ta biyo baya. A gidan Gwaggo za a ba ki abubuwa da ba za su yi kama da kyauta ba, tsohuwar rigar lakwal ta 'yarta, ko kaye, littafin rubutu, da aka cinye rabinsa, ko faɗa da safe. Kada ki yi saurin cewa raini ne. Wani ba ya iya ba ki abu sai ta hannun wani, wani kuma ba ya iya ce miki ya ji daɗinki sai ya haɗa da tsawa. Kuma kada ki taɓa wulaƙanta wanda aka aiko, ko wane ne shi, ko me yake bauta wa. Hisabinsa ba a hannunki yake ba. Abin da ke hannunki shi ne ruwan da ya roƙa.

Kuskurena na biyu ya fi wannan ciwo.

Bazarar da sanƙarau ya shigo gari, ya kama ni. Ba za ki tuna sosai ba, an kai ki gidan Kawu don kada ki ɗauka. Wuyana ya sandare, ba na iya buɗe ido don haske. Baba ba ya nan. Inna ta roƙi amalanken shanu na maƙwabta, ta ɗora kaina a cinyarta, ta rufe ni da mayafinta, muka nufi likita da tsakar rana. A hanya jikina ya saki, ta ɗauka na tafi. Sai na ji ta sunkuyo daidai kunnena, ta ce, "Habsu. Habsatu. Kada ki yi mini haka."

Ina jin ta. Zan iya matsa mata yatsa. Amma na yi lamo, don ina so ta sake faɗa. Ta sake, ta sake, har muka isa.

Allah ya tashe ni. Cikin waɗanda muka kwanta tare a rumfar likita akwai waɗanda ba su koma gida ba, har da wata yarinya sa'ata da uwarta take ba ni kunu. Ni na koma da kunnen hagu da ba ya ji sosai, shi ke nan abin da ciwon ya karɓa. Maimakon in gode, sai na riƙe kunnen nan ya zama abin ƙorafina. Idan mushe, malaminmu, ya yi tambaya ban amsa ba, kunne ne. Da na tsaya a jarrabawar sartifika ban wuce ba, kunne ne. Inna kuma da muka dawo gida ta koma "ke" da "waccan", ni ma na koma shiruna. Kullum ina cewa wata rana idan muna mu biyu zan ce mata, Inna, na ji ki a kan amalanke. Muna mu biyu sau da yawa, a gona, a wajen daka, a hanyar rijiya. Ban faɗa ba.

Ki riƙe wannan. Ran da kike numfashi da shi ba ki saya ba, ba ki kuma fi waɗanda aka karɓe nasu ba. Idan kin tashi da safe, kafin ki fara lissafin abin da babu, ki ce alhamdu lillahi da bakinki, ki ji shi da kunnenki. Kuma godiyar mutane kada ki ajiye ta sai ranar da ta dace. Idan Gwaggo ta yi miki abu, ki faɗa mata a ranar, ko murya na rawa. Na san jininmu ɗaya, ke ma kina da nauyin baki. Shara da wanke-wanke suna nuna godiya, amma ba sa maye gurbin faɗa. Ni na yi wa Inna shara har ta bar duniya, ban san ko ta gane abin da nake nufi ba.

Bayan rasuwarta, da aka yi sadakar bakwai, Gwaggo Hajo da mata suka sauke jerenta za a raba. Ke an fitar da ke waje. A cikin babbar kwalla ta can ƙasa, wadda ba a taɓa buɗewa, aka sami ƙaramar ƙwaryar da take ajiye 'yan kunnenta da turare. Abin da aka rufe ƙwaryar da shi faifaina ne, mai tauraro. A gefensa ga ƙunshin Tambai, ɗaurinsa ma ba a kwance ba.

Gwaggo ta ɗaga faifan tana dariya tana share hawaye. Ta ce, "Wanga karkataccen abu. Har Maradi ta kawo mini shi cikin zane, ta ce, Hajo, dubi hannun yarinyar nan, ba wanda ya koya mata. Na ce to ki faɗa mata mana. Ta ce, ke ma kin san ba ya yiwuwa." Sai ta juyo gare ni. "Zabuwarta ta sayar ta sai miki kayan nan. Ke kuma 'yar nema kika ce ba ki so. Mi ya shiga kanki?"

Na karɓi ƙunshin da faifan na tura ƙarƙashin gado.

To, ba a daɗe ba kika zana ta a bango. Kin tafi lakwal kika bar ni da ita. Na shigo da tsintsiya, na ɗaga kai, ga Inna tana kallona, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ido da ido ba tana da rai. Na zauna a ƙasa har rana ta take, ban ɗora tukunya ba. Ban iya zama ɗaki ɗaya da idon nan ba, ga ƙunshinta a ƙarƙashin gadona. Wannan shi ne rabin dalilin. Ɗaya rabin ya fi muni, amma tunda na fara sai in ƙarasa. Ƙyashi ne. Allah ya ba ki hannu, ya ba ni hannu. Ke kin ɗauki gawayin murhu kin dawo da Inna ɗaki, ni an sayo mini kaya sababbi na mayar. Da na ga naki, sai nawa ya yi mini zafi. Na ce idan na yaɓe naki zan huta. Ban huta ba, sai dai muka zama mu biyu masu ɓoye hannu.

Ki yafe mini marin, ki yafe mini ƙaryar. Ƙaryar ta fi.

Baiwa ba taki ba ce da za ki yi taƙama da ita, don ba ke kika ƙera ta ba. Amma kuma ba a ba ki don ki binne ba. Yadda na fahimta da ɗan hankalina, Allah ne mai kyautar, iyaye da malamai da irin su Tambai su ne 'yan aike, godiyar kuma ita ce ki yi aiki da abin. Za ki haɗu da masu ce miki zane aikin banza ne. Kafin ki yarda, ki duba ko wani abu ne yake cin su, kamar yadda yake cin yayarki. Wasu kuma za su ce miki zana mutum bai halatta ba. Wannan ba ni da iliminsa, ki tambayi malamai na gari ki bi abin da ya dace. Ko an hana mutum, duniya cike take da abin zanawa. Akwai tafkinmu da jiragen masunta, akwai gawo da shanu a ƙarƙashinsa, akwai lalle da zanen atamfa da taswirar da madam take nema. Duk abin da za ki bari, ki bar shi don Allah ko don kanki, kada ki bar shi don maganar da na yi.

Amma don girman Allah kada ki taɓa bangon Gwaggo. Nata siminti ne da fenti, ba laka ba. Idan ta ga gawayi a jiki, daga ni har ke sai mun bar ƙasar.

Ki laluba cikin sabon zanen ɗaurawa da na naɗe miki, akwai kiriyon, wato fensir masu kala, da kaye mara layi. Da gyaɗar gayaunata na saya, ba na Baba ba ne, kada ki ji nauyi. Na so in aiko Gwaggo ta ba ki ta ce daga wani ne, sai na tuna inda wannan hanyar ta kai mu. Daga ni ne, Habsu. Ba na neman tukuici. Idan dai wata rana hannunki ya so, ki zana mini ko ƙofar gidan Gwaggo ce, ki ba direban garinmu ya kawo.

Karatu shi ya kai ki, kada zane ya cinye shi. Ki riƙe salla a kan lokaci. Kada ki bi 'yan matan birni yawo bayan an tashi, kada ki hau babur ɗin wanda ba ki sani ba. Idan zazzaɓi ya kama ki, ki faɗa da wuri, ban da irin naki na lulluɓa da shiru. Ki gaida Gwaggo da maigidanta da yara. Kawu da iyalinsa suna gaishe ki. Akuyarki zan kula da ita, amma idan ta sake cin mini wake zan rubuto miki ƙara.

Saura abu ɗaya, shi ma ba wanda ya sani, ko Baba.

Na tambayi masu kaba a kasuwa. Sun ce Tambai tana raye, amma idonta ya yi rauni, ta daina zuwa, tana gidan ɗanta. Na kwance ƙunshin. Kabar ta bushe tana karyewa, na sayi wata, amma galurar tana kamawa kamar jiya aka saye ta, basillar ma toka kawai na goga mata. Duk lokacin da kike lakwal ina saƙa, ina jin tafiyarki in tura ƙarƙashin gado. Na gama faifai ɗaya. Shi ma ya ɗan karkace, na sa masa tauraro.

Ranar kasuwa mai zuwa, idan mutanen hanyar Gabi za su koma, zan hau amalankensu. Zan kai mata faifan ta shafa da hannunta. Zan kuma cika gora daga randarmu, in naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma don kada ta yi zafi a hanya, tunda ruwan sanyi ta roƙa. Idan ta ce mini sannu Habsu, zan durƙusa in faɗi abin da ya kawo ni, in dawo. Idan ta ce Bebiya, zan zauna ta gyara mini gefen.

Randar kuma ba zan mayar da ita wurinta ba. Zan matsar da ita bakin ƙofa, hannun Inna ya fito fili.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta. Allah ya tsare ki dare da rana, ya yi albarka a kanki da hannunki, ya haɗa fuskokinmu da alheri idan an yi hutu. Amin.

Taki har kullum,
yayarki Habsu,
Madarunfa.